Kason Sada a Tafiyar Zariya

A Ƙofar Guga, in ka tambayi Yari mai wankin hula, kowa zai nuna maka rumfarsa, sannan ya bi ka da gargaɗi: ka ba shi hularka, amma kada ka ba shi lissafi. Shekara da shekaru mutumin nan yana wanke hulunan unguwa, ya sa musu sitaci, ya kifa su kan itace su sha rana, bai taɓa ba wani hular wani ba. Tafiya guda ce ta jawo masa wannan suna, kuma ni dai har gobe ina ganin ba a yi masa adalci ba.

Su huɗu ne suke zama bakin rumfar bayan la'asar. Ban da Yari akwai Ayuba, mutumin kudancin Kaduna da ya yi aikin gwamnati a Katsina har ya yi ritaya, ya ƙi komawa gida. Akwai Alhaji Gwadabe mai hatsi, sarkin surutu. Sai Sada, da yake ɗaukar goro a keke yana kaiwa ƙauyukan kusa. Sada ne talakansu, shi ne kuma mafi zuciya. Ko shayi ka saya masa, sai ya san yadda ya rama.

Da aka aiko cewa mahaifiyar Ado, tsohon abokin zamansu da ya koma Zariya, ta rasu, Ayuba ya fito da tsohuwar motarsa don su je ta'aziyya, ya sha mai da kuɗinsa. Aka ce in an dawo a raba kuɗin tafiyar daidai, Yari ya tara ya miƙa masa. Yari bai nemi wannan muƙami ba, an dai ce shi ne ba ya faɗa da kowa.

Tun a hanya kansa ya fara ɗaurewa. A Funtuwa Gwadabe ya loda buhun masara har bayan motar ya zauna. Shi buhun zai biya kuɗin kujera? Taya ta fashe; ta Ayuba ce ko ta tafiya ce? Aka sayi tsire kowa ya ci, Sada ya ce azumi yake, alhali Yari ya gan shi da goro a baki da hantsi. Da suka dawo ya juya abin ya sake juyawa, ya gaji, ya raba komai gida huɗu ya faɗa wa kowa nasa. Sada ya ce, "To, madalla," ya hau kekensa. Yari ya san Sada ba shi da kuɗin, ya kuma san in aka ce an yafe masa, ya bar rumfar ke nan har abada. Sai ya zaro daga aljihunsa ya zuba kason Sada, bai gaya wa kowa ba.

Washegari ga Ayuba, ya duba gabas ya duba yamma, ya cusa masa kuɗi a hannu.

"Na Sada ne. Ka haɗa ka miƙo mani gaban kowa. Malam Yari, don girman Allah kada wani ya ji."

Yari ya buɗe baki zai yi bayani, Ayuba har ya kai bakin titi. Bai gama mamakin mutumin da ke biyan kansa da kansa ba, sai ga Gwadabe da hula a leda, hular da ko ƙura babu a jikinta. Cikinta kuɗi ne.

"Nawa da na Sada. In ka bari ya sani, ni da kai sai a Lahira."

Sai kuma ga Sada da kansa, a ƙafa, yana gumi. Ya ƙirga kasonsa cif ya ajiye.

"Ina keken?" in ji Yari.

"Yana wurin gyara."

Wurin gyaran kuwa, Yari ya ga keken da safe jingine gaban dillali. Ga kason mutum ɗaya an biya sau huɗu, ga alƙawari biyu sun ɗaure masa baki, ga abin neman abincin Sada zai tafi. Ranar hular wani malami ta sha sitaci har sau uku.

Bayan la'asar, da suka hallara, ya yi gyaran murya. "Jama'a, ku yi haƙuri, na yi kuskure wurin lissahi. Kuɗi sun yi yawa." Ya miƙa wa Ayuba haƙƙinsa, ya raba ragowar gida huɗu, kowa ya ga kusan duk abin da aka yanka masa ya dawo.

Sada ya dubi kuɗin ya dubi Yari. "Mi kake nuhi? Zariya hwa muka je, ba Batagarawa ba."

"Ai motar nan tawa ba ta shan mai," in ji Ayuba da sauri.

"Mai ma ya yi araha ranar!" in ji Gwadabe, wanda ya yi ta tsine wa tsadarsa tun daga Katsina har Zariya.

Su biyun suka kalli juna, kowa ya kawar da kai, sannan suka taru a kan Yari. Wane irin mutum ne wannan, ko raba huɗu bai iya ba? Gwadabe ya ɗaga murya har masu wucewa suka tsaya, kafin magariba unguwa ta ɗauka. Yari ya sunkuyar da kai yana goge hula. Ya ji zafin abin ƙwarai, amma ya riƙe alƙawari.

Kwana biyu sai ga Sada a kan kekensa, da huhun goro ɗaure a baya. Ya sauka, ya zaɓi farin goro babba ya danƙa wa Yari, ya riƙe hannun ya daɗe bai saki ba.

"Kai dai, Yari, ba ka iya lissahi ba," ya ce.

Har yau Yari bai san ko Sada ya gane ba, kuma bai taɓa tambaya ba. Gobe ma Sada zai zo rumfar bayan la'asar.