Usta Mato, Ka Tafi da Bututun Gidanmu a Kanka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga Agusta 2013, ana tsakiyar damina, labarin rasuwarka ya iske ni a kasuwar Rufa'a. Usta Mato, na yi baƙin ciki, kuma ba zan ɓoye maka ba, har da haushinka na ji.

Shekara arba'in kana gyaran makewayi da magudanan tsofaffin gidajen garin nan, shi ya sa muke ce maka Usta, wato gwanin sana'a. Ba ka fasa ƙasa da ka. Sai ka kafa rodi, ka kara kunne, a zuba ruwa daga can ciki, ka saurara, sannan ka tona wuri ɗaya tak. Amma wa ka koya wa? Babu. Duk bututun unguwarmu a kanka suke, ko a bayan kwalin shayi ba ka taɓa zana ɗaya ba. Sau nawa na roƙe ka? Sai ka ce, "Ya zol, bawan Allah, ina raye, mi kaka so da takarda?"

Faɗa kuwa ba a magana. Ka zo gyara, sai ka tsaya tsakar gida kana nuna wa matan gida abin da ka zaƙulo: ganyen shayi, yashin goge tukunya, tsumma. Mutanen da ke janye hannu in ka miƙa musu naka, su ne ke aiko maka da sassafe, kai kuma ka tafi kana mita, ka gyara, wani lokaci ko shayinsu ba ka sha ba.

Laifina ni ma ba ƙarami ba ne. Gidan mahaifiyata, Inna Fadimatu, ginin ƙasa ne tun na kakanmu. Ka bar wani ɗan murfi a tsakar gida inda ake zura sanda in bututu ya toshe. Ni da ganin kaina na waye, na ɗauko magini daga garin Madani ya shafe tsakar gidan da siminti, har da murfin. Ka zo ka duba, ka ce, "Abdussalami, kun kyauta. Ranar da masura, bututun nan naku, ta cika, sai ku kira simintin." Na ce maka ka cika surutu. Shekara uku ban sake nemanka ba.

Makon da ka kwanta ciwo bututun ya toshe. Ruwa ya rasa hanya, ya fara jiƙa gindin bangon ɗakin Inna. Ƙannena suka ce in bangon ya zauna, Khartum za a kai ta. Ita kuwa ta ce daga ɗakin nan sai makabarta. Masu gyara biyu suka zo, kowanne ya ce sai an fasa tsakar gidan gaba ɗaya, har jikin bangon.

Da na je gaisuwa, kunya ta hana ni ɗaga kai. Matarka Ma'u ta sa aka kira ni bakin ƙofa. Ta ce, "Usta ya ji labarin gidanku. Ya ce a gaya maka, daga gindin lemun tsamin tsakar gidanku taku bakwai, ka fuskanci alƙibla. Ya ce kuma kai wawa ne, amma kar Hajja mahaifiyarka ta bar ɗakinta."

Na yi taku bakwai, na fasa simintin, ban ga komai ba. Na tsaya ina huci, sai na tuna kai gajere ne. Ko wannan ba ka iya faɗa ba? Na rage takun, na sake fasawa, ga murfin. Kafin la'asar ruwa ya wuce. Inna tana ɗakinta, ita ce ma ta ce in rubuta wannan, tunda ban nemi gafararka kana da rai ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya wanke ka kamar yadda ka tsabtace gidajenmu. Ya sa Aljanna ce makomarka. Ga Ma'u, da 'ya'yanka Jibril da Sakina, da dukan dangi na Rufa'a da Dinder, Allah Ya ba ku haƙuri. Ni kuma, Usta, ka yi gaskiya, ka yafe mini.