Telan da Ke Auna Motoci

A filin sayar da motoci na hannu, wani magidanci yana tsaye tsakanin motoci biyu, tef ɗin awo rataye a wuyansa. Rigarsa ta koɗe, amma ɗinkinta babu makusa. Da gani ka san tela ne. Sauran masu saye suna leƙa inji, shi kuwa but, wurin zuba kaya na baya, yake buɗewa. Yana auna faɗi da zurfi, yana duba lambobin da ya rubuta a tafin hannunsa.

"Maigida, riga za ka ɗinka mata ne?" in ji dillali, yana dariya.

"Keken guragun da ake tura mahaifiyata a kai nake nema wa wuri," ya amsa a hankali. "Ba ya naɗewa. Ga kuma yara huɗu."

Ƙaramar motar injinta lafiya lau, farashinta daidai ƙarfinsa, amma but ɗinta ya gaza da inci uku. Babbar ta ɗauki awon har da rara, sai dai da aka tayar da ita ta yi tari, ta turnuƙe filin da hayaƙi. Wataƙila hanyar asibiti yake hangowa: tsohuwa a baya, mota ta mutu cikin rana.

Mutumin da ya saba buɗa riga idan ta matse, yau ƙarfe ne a gabansa, babu kalmasar da zai warware. Ya koma ga ƙaramar, ya durƙusa, ya sake aunawa karo na huɗu. Inci ukun suna nan.