Kabewar Doguwa

Shekarar da Nasara suka kwashe mazan garinmu zuwa aikin hanya, a shekarar ne ruwa ya yi mana rowa. Gardi biyu, 'yan sandan Nasara masu jar hula, suka zo da dogarin sarki, suka tsame namiji ɗaya daga kowane gida. A namu gidan mijina ne kaɗai namiji, shi suka ɗauka. Aka bar mu mu uku: ni, da uwar mijina wadda nake kira Inna, da ɗiyata da ban daɗe da yaye ta ba.

Gonar hatsi ba na son maganarta. Garkata, ɗan lambuna na bayan ɗaki, nake so in faɗa. Na shuka guro da sure da tonka, wato kuɓewa da yakuwa da barkono, na sa kabewa a gindin darni. Ana tsakiyar damina ruwa ya ɗauke. Guro ya kai gwiwa, ya yi fure, furen ya zube. Sure ta yi ja tun tana ƙarama, tsutsa ta gama da ita. Tonka ko kai bai fitar ba. Ruwan wanke-wanke nake tarawa a kasko in zuba wa kabewar. Ta yi 'ya'ya huɗu, uku suka yanƙwane suka faɗi ba su wuce ƙwan kaza ba. Ɗaya ta tsaya.

To gidan mijina akwai Doguwa, aljanar gidan. Tun kakanni take tare da su, a tsamiyar bayan garka take zama. Abin da take so bai da yawa: kabewar farko ta kowace shekara, a kai mata gindin tsamiya bayan girbi, wuƙa ba ta taɓa ta ba. Wanda ya riga ta ci, ko ta shanye masa ɓarin jiki, ko ta ɗauki abin da ya fi so. Ba labari aka ba ni ba, akwai wani a garin da ke jan ƙafa, baki a karkace, kowa ya san abin da ya yi.

Inna ta zo ta ɗaura baƙin tsumma a jikin kabewar.

Ta ce, "Ta mai tsamiya ce. Kin ji ko?"

Na ce, "Na ji, Inna. Amma ita kaɗai ce fa."

"In ita kaɗai ce ai ta fi zama ta farko."

Anza muke ci a lokacin, 'ya'yan itacen nan na daji da ake jiƙawa kwana da kwanaki ana zubar da ruwan, ɗacin kuma ba ya fita duka. Babba ya runtse ido ya haɗiye. Yarinya ta ƙi. In an tura mata sai ta tofar. Ƙafafunta suka kumbura, gashinta ya yi ja. Kuma ɗiyar fari ce, a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi. Iyakata in ce, "Inna, wannan taku yau ma ba ta ci ba."

Sai Inna ta ɗora ta a cinya. "Ke ƙawata, ɗiyar sarki ce ke? Me kike jira, tuwon shinkafa? Buɗe bakin nan, mummuna." Tana tsokanarta, tana tura mata.

Wata rana da rana tsaka Inna ta tafi daji tsinkar anza. Na shiga garka da wuƙa. Na juya kabewar, na yanke gefen da ke kwance a kan rairayi, faɗin tafin hannu, na ƙwaƙulo nama, na mayar da ɓawon, na liƙe da laka, na kwantar da ita yadda take. Lissafina shi ne Doguwa daga saman tsamiya take kallo, saman kabewa za ta gani. Na dafa da ɗan gishiri a ƙaramar tukunya. Yarinya ta cinye, ta lashe yatsu, ta miƙo hannu.

Sau huɗu na yi haka. Daga ranar farko ban sake samun sukuni ba. In ganyen tsamiya ya motsa babu iska sai in koma cikin gida da sauri. Na daina juya wa itacen baya. Wata safiya na farka hannuna na hagu ya mutu, na gartsa masa cizo har jini kafin ya dawo. Na ce a raina, to ni ta zaɓa, madalla, ta ɗauki hannun.

Ba ni ta zaɓa ba. Kabewar da aka buɗe ba ta zama, ni da na girma cikin garka na san haka, amma na rufe idona. Yankan ƙarshe ya yi laushi, yana ɗan wari, na dafa shi haka nan. Washegari yarinya ta kama zawo da zazzaɓi. Kafin azahar idanunta sun faɗa, wuyanta ba ya riƙe kai. Yanzu da furfura a kaina zan iya cewa ruɓar ce. A ranar kuwa abu ɗaya na sani: an ɗauki abin da na fi so.

Ƙudaje ne suka tona ni. Inna ta gan su sun yi baƙi a gindin darni, ta sa hannu biyu ta ɗaga kabewar, ta burme mata a hannu. Ba ta yi ihu ba. Ta kira ni a hankali.

"Wa ya ci?"

"Ni na yanka."

"Ban tambaye ki wanda ya yanka ba. Wa ya ci?"

Na ce, "Ɗiyata." Tsoron ya juye mini ya zama faɗa. "Mutuwa take yi muna kallo, Inna! Ita mai tsamiya da ba ta da ciki ba ta da hanji, me za ta yi da kabewa?"

Ta toshe mini baki da hannunta mai ruɓa. "Rufe bakinki, shashasha, tana jin ki!" Ban taɓa ganin tsohuwar nan ta ji tsoro ba sai ranar.

Ta ja ni cikin gida, ta ɗebo toka a murhu ta shafe fuskar yarinya don kada a gane ta, ta goya mini ita da kanta.

"Tafi Dogon Dutsi wurin yayanki. Wannan gidan ta sani, ba ta san naku ba. Bi ta ƙofar gaba. Kada ki waiwaya, ko kin ji an kira ki da muryata."

"Ke fa, Inna?"

"Ni na ɗaura tsumman. Da ni za ta yi magana."

Na kama hanya cikin rana. Duk itacen da na hango mai duhun ganye sai in kauce, in bi ta cikin ƙarangiya. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shirun da ke bayana. In yarinya ta daɗe ba ta motsa ba sai in kai hannu in mintsine ta a cinya, har sai na ji ɗan kukan nan kamar na mage, sannan in ci gaba. Allah ya sani sau nawa na mintsine ta. Sau ɗaya na ji kamar an kira ni. Ban waiwaya ba, na ƙara sauri.

Na isa kafin rana ta faɗi. Matar yayana ba ta tambaye ni kome ba, ta kwance goyon. Wata Bafillatana maƙwabciyarsu tana da saniya ɗaya da ba ta ƙafe ba, ita ta riƙa kawo nono a ludayi safe da yamma, ana ɗiga wa yarinya. Kwana biyar tana kwance kamar tsumma. Ran na shida ta kama zanena ta miƙe, ta ce fura take so.

Bayan girbi wani mai jaki daga garinmu ya kawo saƙon Inna. Ta kai ruɓaɓɓiyar kabewar gindin tsamiya, ta yanka baƙar akuyarta, ita ke nan gare ta. Ta ce a faɗa mini in zauna inda nake, ba a gama magana ba. Kafin mijina ya dawo daga aikin hanya ta rasu, ita kaɗai a gidan.

Da ya zo ɗaukarmu na ce ni zan bi shi, amma yarinya tana nan wurin kawunta. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya aiko manya. Ban yarda ta taka gidan ba sai da ta yi aure ta haifi nata.