Kofin da Bai Gama Zagaye Ba

Duk unguwar Yaya ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ƙanenta ne ya jawo mata sunan. Shi ya fara kira, abokan ƙwallonsa suka ɗauka, 'yan kallo suka karɓe, har ta kai mijinta ma, Allah ya jiƙansa, in ya yi suɓul da baka Yaya yake cewa. Tela ce. Shagonta ɗaki ne guda a ƙofar gida, keken ɗinki a bakin taga, teburin yanka a tsakiya. Ba a taɓa jin ta mayar da ɗinki don ya fi ƙarfinta ba, domin a ganinta ba a yi irin wannan ɗinkin ba tukuna.

Ita ta ɗinka wa kulob ɗin unguwa rigunansa na farko, koraye masu farin wuya. Da hannunta ta yanka lambobin ta liƙa, kuma da yake ba ta da lokacin haddace sunan samari goma sha ɗaya, sai ta riƙa kiransu da abin da ta ɗinka musu a baya. "Huɗu, zo a gwada ka. Bakwai, tsaya da kyau, ba rawa na ce ka yi ba." Sunayen suka bi su har furfura. Ƙanenta, wanda ta raina tun bayan rasuwar iyayensu, shi ne ɗan gaba, ya zama Tara. Har yau Yaya ba ta gane satar gida ba, amma hakan bai taɓa hana ta yanke wa alƙalin wasa hukunci ba.

Sau ɗaya tak kulob ɗin ya taɓa cin kofi. A wasan ƙarshe Sha Ɗaya, wani siririn yaron kafinta mai buga gefen hagu, ya ɗago ƙwallo, Tara ya sa mata kai ta faɗa raga. In gaskiya za a faɗa, kofin ba wani na a zo a gani ba ne: kwano mai kunne biyu a kan gindin katako, ruwan azurfarsa ya fara sallama tun shekarar farko. Amma kulob ba shi da ofis, kowa kuma yana so uwarsa ta gani. Sai kyaftin ya yanke cewa kofi zai yi mako guda a gidan kowane ɗan wasa, a bi lamba, daga gola har Sha Ɗaya. Haka aka yi ta yi. Gola da shi ya riƙa kwana a kan katifa. Uwar Shida kuwa ma'ajin makullai ta mayar da shi, sai da aka yi mata bayani.

Da layi ya zo kan Tara, ya shigo da shi shago baki har kunne, ya ture yadin mutane ya dire shi a kan teburin yanka.

"Yaya, ki kula mini da shi," ya ce. "Kada ki bari yara su taɓa."

Washegari zazzaɓi ya kwantar da shi. Kafin makonsa ya cika Allah ya karɓi abinsa.

A nan zagayen ya tsaya, saura mutum biyu. Babu mai idon da zai shiga gidan makoki ya ce a ba shi kofi. Goma ya tafi neman aiki nesa, can ya zauna, can kuma ya rasu. Sha Ɗaya bai ce uffan ba. Ita kuwa Yaya, baƙin ciki ya share mata batun layi kwata-kwata. Abin da ya rage a kunnenta kawai shi ne maganar ƙanenta ta ƙarshe da ƙafarsa, ta kuma ɗauke ta amana. Ta ce muddin tana numfashi kofin nan ba zai tsallake ƙofar shagonta ba, kowa kuma ya san in Yaya ta faɗi magana ba ta janyewa.

Da yake kofi yana wurinta, sauran kaya suka biyo shi. Gola ya kawo safar hannunsa da ya yi ritaya. Matar koci ta kawo usur ɗin mijinta. Wani ya kawo tsohuwar ƙwallon fata mai igiya, wani kaset ɗin da aka naɗi wasan ƙarshe daga rediyo, wani takalmi wari guda, ya ce ɗayan yana can cikin kwatar bayan fili. Yaya ba ta yarda da takarda ba, ta ce gara na cinta, tawada kuma tana gudu. Kowane abu sai ta yanka ɗan ƙyalle, ta ɗinka lambar mai shi da shekarar da baƙin zare, ta ɗaura masa. A hankali bangon baya ya cika da hotuna. Mace za ta zo awon riga, hannu a ɗage, sai ta hango ubanta yana saurayi da gashi cike da kai, ta manta abin da ya kawo ta. A cikin hotunan nan kaɗai ake iya ganin tsohuwar bishiyar da ke bayan raga da tankin ruwan da aka rushe, domin filin tuni ya zama tashar mota. In aka yi musu a majalisa kan wace shekara aka yi abu kaza, shagon Yaya ake zuwa a raba gardama, ita kuma ba ta taɓa cewa ba ta sani ba.

Masu neman aron kofi sun zo sun gaji. Sabon shugaban kulob ya ce yanzu sun yi ofis, ya kamata kofi ya koma can. Yaya ta ce in yana son ya zauna kusa da kofi ya ɗauko kujerarsa, akwai wuri kusa da dutsen guga. Ɗanta na cikinta ya roƙa don a ɗauke shi hoto da abokai a waje, ta ce hasken shagon ma ya wadatar.

Kabad ɗin gilashin da kofin yake ciki Sha Ɗaya ne ya haɗa, bayan ya zama kafinta mai shagon kansa. Bai zo ya auna ba. Rana ɗaya kawai ya shigo da shi a kafaɗa, aka sa kofi ya zauna daram, kamar tare aka ƙera su. Yaya ta yaba masa ido, shi kuma ya yi murmushi ya kau da kai. Tun daga nan bai rasa dalilin zuwa ba: yau aljihu ya yage, gobe maɓalli ya cire. Ya zauna a benci yana fuskantar kabad, ita tana taka keke tana tsokanarsa.

"Kai dai faɗi gaskiya, tun muna da rai. Raga ka nufa, ƙwallo ta ɓace maka ta faɗo a kan ƙanena."

"Yaya, ko ido a rufe na san inda kansa yake."

"To me ya hana ka ƙara yi ko sau ɗaya?"

Sai su yi dariya. Ya ɗan goge gilashin da hannun riga, ya yi sallama. Shekara talatin da wani abu suna haka, bai taɓa buɗe kabad ɗin ba.

Bara ɓarin jikinsa ya shanye. Yaya ta je ta duba shi a asibiti, da aka sallamo shi ta riƙa aika gaisuwa. Benci ya zauna babu kowa. Wata rana da hantsi autarsa, wadda ke aiki a shagon magani, ta shigo ta durƙusa ta gaishe ta, ta daɗe tana murza bakin mayafi kafin ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Gwaggo, aron kofin nan na zo, ko na yini ɗaya ne."

Yaya ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ke ma kin san amsa. Ubanki ya fi kowa sani. In jiki ya yi sauƙi a kawo shi a mota, ga bencinsa nan."

"Ba zai fitu ba, Gwaggo. Kuma ba shi ya aiko ni ba, in ya ji na zo sai ya saɓa mini." Ta matso kusa da keken. "Akwai wata 'yar kantar katako ta ɗora kaya a bangon ɗakinsa, saitin gado. Tun kafin a haife mu take. Mun tashi gida sau biyu, duk inda muka koma sai ya cire ta ya sake kafawa. Ba a ɗora mata komai. Na taɓa ajiye madubi, ranar na ga ɓacin ransa. Mama ce ta gaya mini, ranar da suka ci wasa ya auna gindin kofin, ya kafa ta yana jiran makonsa. Yanzu da ba ya tashi, ita yake kallo daga safe har yamma."

Keken ya tsaya. Yaya ta ɗauke ƙafa daga kansa. Abin da ta iya cewa kawai shi ne a gaida mai jiki.

Yinin ranar ta haɗa hannun riga a juye, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana koyo. Ta farke, ta ajiye, ta je ta tsaya gaban hoton 'yan wasa, wanda suka juya baya don a ga lambobi. Ita ta yanka su ɗaya bayan ɗaya, ta fi kowa sanin cewa bayan tara akwai goma, akwai sha ɗaya. Yanzu ta gane yadda kabad ya yi daidai ba tare da awo ba. Kunya ta kama ta, tsoro kuma ya fi kunyar yawa. Kofin nan shi ne abu na ƙarshe da ƙanenta ya miƙa mata, kullum da safe shi take fara kallo, kuma gani take in ya fita ƙofa Tara ne zai sake fita. Amma da ta maimaita maganarsa a ranta, sai ta ji ta yadda ya faɗe ta: yaro ne mai murna da aka ba wa kofi na mako guda, yana tsoron a lotsa shi kafin ya miƙa wa na gaba.

Yaya ba ta iya doguwar shawara ba. Da safe ta buɗe kabad ta ɗauko kofi, ta goge shi da sabon ƙyalle. Ɗanta ya ce a sa a jaka ya kai ta a babur. Ta ce kofi ba kayan sata ba ne, a hannu aka kawo shi, a hannu zai tafi. Ta rungume shi ta tsallake ƙofa. Ta ɗan dakata a bakin dokin ƙofar, daga nan kuwa ba ta waiwaya ba. Mai faci ya miƙe tsaye da ƙarfe a hannu. Mai shayi ya bar ruwa yana zuba. Babu wanda ya tambaye ta ina za ta, domin tsofaffin sun gane, yaran kuma suna tsoronta.

Ta same shi a jingine da filo, ya rame, hannun hagu a kwance kan cinya. Ga kantar can saitin gado, katako ya yi duhu don tsufa, babu ko ƙura a kanta. Yaya ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta wuce ta ɗora kofi, gindinsa ya zauna cif, ba ragi ba ƙari.

Sha Ɗaya ya daɗe yana kallo. Bakinsa ya karkace da ciwo, magana tana fita da ƙyar, sai da ta matso ta ji.

"Yaya... ai layin Goma ne."

"Ji mini mutum. Shekara talatin kana zaune mini a benci kamar kurma, yau kuma ka zama alƙalin wasa?" Ta zauna a bakin gado. "Goma ya riga mu. Ka riƙe mako biyu, nasa da naka."

Hawaye ya gangaro masa ta ɓarin da ke motsi. Ya ɗaga hannun dama, auta ta sauko da kofin ta ɗora masa a ƙirji, ya kama kunne ɗaya ya riƙe gam.

"Da gangan na ɗago masa," ya ce.

"Na sani," in ji Yaya. "Ina wurin."

Ta dawo shago hannu wayam. Ta zauna a keke, amma ido ya ƙi barin kabad ɗin, inda gindin kofi ya bar zagayen tabo a katako. Kafin azahar ta kalli wurin ya fi a ƙirga. Mako biyu ne kacal, ga shi rabin yini ya gagare ta. Matar ɗanta ta shigo, ta ga gurbin ya yi fili da yawa, ta ɗauko tsohuwar ƙwallon fata za ta cike shi.

"Mayar da ita inda kika ɗauko," Yaya ta ce, ta ci gaba da taka keke. "Ba a ɗora komai a wurin."