Jirgin Harisu da Zauren Inna

Harisu ɗan kawuna ne, taubashina ke nan, saboda haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa, kuma shekara arba'in da ɗoriya ina morar wannan ikon ban gaji ba. Ni na laƙa mashi suna Kaftin. Mutumin da bai taɓa taka matakalar jirgi ba, iyakar tafiyarsa Kano, ita ma sayen ƙarfe, amma duk Tafashiya in ka ce Kaftin shi za a nuna maka.

Abin ya samo asali shekarar da tsuntsayen jan-baki suka sauka kan geronmu, muna aji huɗu a firamare. Aka turo wani ɗan ƙaramin jirgi ruwan ɗorawa ya yi feshi. Ya zo ƙasa-ƙasa har muna ganin kan matuƙin. Kowa ya ruga gida, Harisu kuwa ya ruga bayan jirgin, idonsa a sama, har ya afka cikin kududdufi. Aka tsamo shi yana tarin ruwa yana tambaya ko jirgin zai dawo. Bai dawo ba.

Da ya gama sakandare ya samu gurbin koyon gyaran jirgi a Zariya. Saura kwana goma ya tafi Kawu ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye. Harisu ne babba, ga gandu, ga ƙanne bakwai. Ba wanda ya ce mashi kada ya tafi, shi ma bai tambayi kowa ba. Takardar gurbin karatun ta shiga akwatin Inna, mahaifiyarsa, ƙarƙashin zannuwa. Kawu ya yi shekara tara a kwance. Ranar da ya rasu aka fitar da shi ta zaure, Harisu ya riga ya zama mai walda a Kankia, yana haɗa ƙofofi da tagogi da garmar shanu, da mata da 'ya'ya. Ƙaninsa Kamalu, wanda Harisu ya yi wa karatu, yanzu yana aiki a Abuja, kuma duk hawan jirgin da zai yi sai ya turo wa yayansa hoton gajimare ta taga. Ni dai wannan rashin ta-ido na kira shi, na kuma faɗa wa Kamalu a gaban idonsa.

To, Harisu ya wuce arba'in sannan ya fara ƙera jirginsa. Ba ɗan abin wasa ba, cikakken jirgi daidai girman wancan na feshi. Ya san ba zai tashi ba, ba shi da injin da zai ɗaga shi. So yake kawai ya gan shi tsaye. Da ya fara a shago, 'yan acaba da masu shayi suka mayar da shi abin dariya, sai ya kwaso ƙarafansa ya kawo tsakar gida. Dabararsa ita ce cikin gida ba a shiga, babu namijin da zai wuce zaure ya zo ya yi mashi dariya. Ya manta da ni. Duk zuwan da zan yi daga Kusada, inda nake aure, sai na tsaya na tambaye shi ƙarfe nawa za mu tashi, in je in ɗauko jakata.

Shekara uku ya yi a kan fiffike kaɗai. Bututun ƙarfe guda ya ratsa ta cikin jikin jirgin daga wannan baki zuwa wancan, ya bi shi da haƙarƙari, ya lulluɓe da fallen alminiyam da ya buge da hannu, ya kafe da ƙananan ƙusoshi da ba su ƙirguwa. Komai ya haɗe da walda, kamar yadda yake haɗa ƙofar gida don kada ɓarawo ya ɓalle. A nan idanunsa suka fara tafiya. Baƙin tabarau na kasuwa yake sa wa a madadin abin kare fuska, idon ya yi ja yana ruwa, har likita ya ce in bai bar walda ba zai bar gani.

Fiffiken nan ya tokare tsakar gida daga katangar gabas har bangon madafi, tsayinsa daidai ƙirjin mutum. Ɗakin Inna yana can ciki, bayansa. In za ta rijiya sai ta sunkuya ta ƙarƙashi, in za ta madafi sai ta sunkuya, in za ta barka ko gaisuwa sai ta sunkuya, tsohuwa mai ciwon baya, hannu ɗaya a gwiwa, ɗaya riƙe da buta. Kuma ba ta taɓa ce mashi komai ba. Harisu ɗan fari ne, Inna ba ta kama sunansa, ba ta zama hira da shi, in yana wuri sai ta kau da kai. "Wancan" take ce mashi. In tana da magana da shi, ni ko matarsa Lailatu take aika.

Laifin abin da ya biyo baya nawa ne. Wata rana na ɗauki bidiyon jirgin, kaji na kwance a inuwarsa, na sa a waya na rubuta: filin jirgin saman Tafashiya, kaji ne fasinja. Don in ba shi haushi na yi. Bidiyon ya bi duniya, har ya kai ga wani matuƙin jirgi mai suna Abdullatif, wanda ya yi ritaya yana da ɗan ƙaramin jirginsa na kansa.

Ya zo da kansa bayan ƙaramar salla. Aka ce mata su shiga ɗaki, aka shigo da shi, ni kuwa na ƙi shiga ko'ina. Ya zagaya jirgin sau uku yana shafa fiffiken da tafin hannu. Sannan ya zauna kan turmi ya nuna wa Harisu hotuna a waya. Ya gina wata babbar rumfa a gefen gonarsa, can kudu da Kaduna, kusa da wani ɗan filin sauka na ciyawa, yana tara tsofaffin jirage da farfeloli da kayan matuƙan da. Masu ƙananan jirage za su riƙa sauka a bakin ƙofa, su kashe inji, su shiga kallo da ƙafa, su sha shayi su tashi. Ya ce yana son jirgin Harisu ya zama abin da za a fara gani in an shiga.

"Malam Harisu," ya ce, "ranar da za a kafa shi, ni zan ɗauko ka daga Katsina a jirgina. Kai za ka zauna kusa da ni."

Na kalli taubashina. Ya rasa inda zai sa hannunsa. Ran nan na ji tausayinsa har cikin raina, na kasa tsokana.

Sai Abdullatif ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin fiffike yana neman notin da za a kwance. Babu. Ya tambaya, Harisu ya ce ai walda ta fi ƙarfi. Baƙon ya miƙe a hankali ya dubi zaure. Aka kawo igiya aka auna. Ƙofar zauren taku ɗaya da rabi ce, fiffike taku goma sha uku. Kuma ko da babu fiffike jikin ba zai wuce ba, domin ƙofofin zaure biyu ba sa kallon juna, an karkata su don kada na waje ya hango cikin gida. Gabas gidan maƙwabci ne, yamma masallacin unguwa, baya ɗakuna. Hanya ɗaya ce: a rushe zaure, a turo jirgi, a sake gini. Abdullatif ya ce ginin a wuyansa, kuma zai jira.

Harisu ba zai iya tunkarar Inna ba, ni aka aika. Na same ta tana tsince wake.

"Inna, Kaftin ne ke roƙo. Kwana uku kawai, a mayar da zaure sabo fil, da siminti."

Ba ta ɗago ba. "Surukina ya gina zauren nan da hannunsa. Ta nan aka shigo da ni amarya, ta nan aka fitar da kawunki. Gaya wa wancan ni ma ta nan za a fitar da ni, ba ta sabo ba."

Na kai saƙo. Ya ce, "To." Shi ke nan abin da ya ce.

Daga nan gidan ya zama wani iri. Harisu ya koma shago, ya dawo, ya zauna ƙarƙashin fiffike ya ci tuwo. Abdullatif yana kira duk bayan wata biyu, Harisu ya ce ana nan ana shawara. Wace shawara? Kamalu ya ce a kawo motar ɗaga kaya ta tsamo shi ta sama, amma masu motar suka ce in aka rataye shi fiffiken zai karye. Na ce ya yanke fiffiken ya sake haɗawa a waje, ya ce fallen zai yage, ƙarfen zai karkace, kuma idon da ya yi aikin farko ba shi da shi yanzu. Gaskiya ya faɗa, don lokacin sai ya kai waya dab da hancinsa yake gane lamba. Na yi fushi da Inna, na yi fushi da shi, na fi fushi da kaina da na ɗauki bidiyon. Gara lokacin da ba shi da inda zai kai jirgin.

Da damina ta biyu bayan zuwan Abdullatif Inna ta kwanta. Na zo jinya. Wata la'asar ina shafa mata man zafi a baya, ta ce in matso.

"Mairama, in an fitar da ni, ki gaya wa wancan ya rushe. Ya kai abinsa inda za a gani." Sannan ta ce, "Takardarsa ma tana akwati. Ban taɓa yar da ita ba."

Ban kai saƙon ba. Ta yaya zan dubi mutum in ce mashi burinka na jiran mutuwar uwarka? Na riƙe abina.

Ta cika ranar wata Talata bayan sallar asuba. Kafin hantsi an yi mata wanka an suturta ta, aka shigo da makara. Nan aka tsaya cirko-cirko, makara a ƙofar ɗaki, fiffike a gaba. Liman ya ce ba komai, mutum huɗu su durƙusa su zura makarar ta ƙarƙashi, wasu su karɓa ta can. Kowa ya ce haka ne, abu ne na minti ɗaya.

Harisu ya shiga ɗakinsa ya fito da injin yankan ƙarfe, ya ja janareto. Na sha gabansa, a gaban maza, ban damu ba.

"Harisu, tsaya. Inna ta bar maka saƙo. Ta ce in an fitar da ita ka rushe zauren, ka kai jirginka. Sunkuyawa ɗaya ta rage. Ɗaya tak."

Ya dube ni da jajayen idanunsa. Na ga ya ji, na ga ya gane duk abin da nake nufi.

"Shekara shida tana sunkuyawa saboda ni," ya ce. "Yau a miƙe za ta fita."

Ya sa injin a gindin fiffiken yamma. Fallen ya yage kamar tsohon zane, ƙusoshi suna tsalle, bututun ya yi ƙara ya saki. Da nauyin ya koma gefe guda, sai jirgin ya kife kan ɗaya fiffiken, shi ma ya lanƙwashe. Ba a fi minti goma ba. Ya kashe janareto, ya wanke hannu, ya kama gaban makara. Aka ɗauke ta a kafaɗa, ta ratsa tsakar gidanta, ta fita ta tsohon zaure.

Abdullatif ya zo ta'aziyya ranar bakwai. Ya roƙi yankakken fiffiken, aka miƙa mashi shi ta kan katanga. Yanzu yana rataye a rumfarsa da sunan Harisu a ƙasa. Ya turo hoto, ana hango ƙananan jirage biyu a kan ciyawa ta bakin ƙofa, ni na karanta wa Harisu rubutun don ba ya gani. Alkawarin ɗaukarsa yana nan. Harisu ya ce sai bayan girbi, ga shi an yi girbi uku.

Zaure na nan, ba wanda ya taɓa shi. Sauran jirgin an jingine shi jikin katanga, Lailatu na shanya kuɓewa a kai. Ni kuma ban sake ce mashi Kaftin ba, bakina ya ƙi.

Tsakar gidan a buɗe take yanzu, ko raƙumi zai wuce. Amma ranar Juma'ar da ta wuce ina zaune a ƙofar madafi, Harisu ya taho daga zaure zai shiga ɗakin Inna ya ɗauko tabarma. Da ya zo daidai wurin, sai ya dafa gwiwa ya sunkuya.