Kwalin Sigarin Da Aka Tsinta A Jakata

Duk dangin da ke yaɗa cewa ina shan sigari sun yi kuskure, kuma har yau ba wanda ya tsaya ya tambaye ni. Ta Baba ce.

Lokacin da muka zo Karu, a Abuja, ina ƙarama, a fili yake sha. Ko cikin bas ɗin zuwa Wuse sai ya zuge gilashi ya kunna, direba ma ya ce, "Alhaji, a sam mini kara ɗaya." Ba mai ko tari. Daga baya kasuwa ta buɗe, shagonsa ya zama biyu, aka fara manna takardar hana shan taba a motoci, mata na toshe hanci da mayafi. Da aka sa shi a kwamitin masallaci sai ya shelanta wa kowa ya daina. Ina fa! Bayan gida ya koma da ita, ni kuma nake ɓoye masa kwalin, don Mama na laluben aljihunsa.

Wata Babbar Sallah muka ɗauki shatar bas da dangi zuwa Katsina. A Zariya aka tsaya sallah. Ina alwala Goggo, yayar Baba, ta nemi man zafi, na manta shaf kwalin na ciki, na ce ta duba jakata.

"Inna lillahi! Alhaji, zo ka ga abin da Abuja ta yi wa 'yarka!"

Na kalle shi, ruwa na ɗiga daga hannuna. Ya karɓi kwalin, ya jujjuya kamar bai taɓa ganin irinsa ba.

"Sai da na ce uwarta ta sa ido," in ji shi, ya wurga shi cikin kwata.

Har Katsina ba wadda ta yarda kafaɗarta ta taɓa tawa. Ɗan Goggo kuwa sai raɗa yake mini, "Hajiya, a kawo ashana?"

Washegari Baba ya kira ni zaure. Na ɗauka haƙuri zai ba ni.

"Ke yarinya ce, za a manta," ya ce. "Ni fa ina da mutunci a unguwa. Babu saura a ƙaramin aljihun jakar?"

Na tashi na fito. Nan na yanke shawara: kafin mu bar Katsina zan zaunar da Mama da Goggo a gabansa in faɗi mai ita. In ya ce ƙarya nake, ya rantse.