Naja'atu da Bangon Gidan Ubanta

Naja'atu 'yar ƙanena ce, Alhaji Jibirilla, mai shagon atamfa a kasuwar Mboppi. Ni sunana Sabuwa, kuma a hannuna yarinyar nan ta girma, don tun da mijina ya rasu na dawo gidanmu na gado a unguwar New Bell, cikin Duwala, aka ba ni ɗakin ƙasa na kusa da zaure, inda nake soya ƙosai da safe. Saboda haka in na ce na san ta, ba a bakin mutane na ji ba.

Yarinya ce mai tsabtar tsiya. Tun tana firamare ba ta yarda taɓo ya taɓa mata safa, a unguwar da ruwa kan kwana a lungu. In an tambaye ta me za ta zama, amsarta ɗaya ce, ma'aikaciyar banki, a ofis mai sanyi, da takalmi mai tsini. Mukan yi mata dariya, muna kiranta Madam Banki, ita kuwa ko a jikinta. Da ta ci jarrabawar bak, wato ta gama sakandare, ta shiga jami'a, karatun harkar kuɗi da gudanarwa ta zaɓa. Ranar Jibirilla har rago ya yanka, yana yawo a tsakar gida kamar shi ya ci jarrabawar.

Sai na faɗa muku yadda gidan yake, in ba haka ba ba za ku gane ba. Mahaifinmu ne ya gina shi da kuɗin goro, ƙasa kawai, babu bene, a wurin da da can fadama ce. Har yau in ka haƙa rami tsawon hannu sai ruwa ya taso. Da kasuwa ta buɗe wa Jibirilla ya ɗora bene a kai ya zuba 'yan haya. A shekarar da Naja'atu ta shiga jami'a kuma ya fara ɗora wani hawan a kan wancan. Kullum ana hawa da bulo da siminti ta gefen tagata, ni ina ƙasa ina juya ƙosai.

Akwai wata tsaga a bangon ɗakina. Daga kusurwar taga ta taso, ta gangara a karkace har ƙasa. Ta daɗe. Duk Sallah mukan kira yaro ya cika ta da siminti, a shafa fenti, in rataya labule a wurin. Kafin wata Sallar ta sake buɗewa, mu sake cikawa. Ban taɓa ɗaukarta komai ba, kamar yadda mutum ba ya ɗaukar furfurarsa komai.

Wata rana ruwa ya tsare Naja'atu a makaranta. Tana da wata ƙawa, Firdausi, 'yar unguwar Makèpè, mai karatun gine-gine, sai ta bi ta ajinsu ta fake. Malaminsu yana nuna musu hotunan bangwaye, yana bambanta musu tsagar da ta tsaya a shafe kawai da tsagar da ke nuna ƙasa na motsi a ƙarƙashin gini. Wannan daga baya ta ba ni labarinsa. Abin da na gani da idona shi ne ta shigo ɗakina a jiƙe sharkaf, da taɓo har idon sawu, ko takalmi ba ta cire ba. Ta ɗaga labule, ta sa yatsa a tsagar, yatsan ya shige.

"Gwaggo, ƙofar nan taki tana rufuwa?"

Na ce mata tana cijewa, har sau biyu na sa kafinta ya fere ta.

Ta ɗauki lemo ɗaya daga tirena ta ajiye a tsakiyar ɗaki. Lemon nan ya tsaya kamar yana shawara, sannan ya gangara shi kaɗai, a hankali, har ya je ya jingina da gindin bangon. Na fara dariya, sai na dubi fuskarta, na daina.

"Gwaggo, gidan nan yana nutsewa ta gefe ɗaya."

Na ce a'uzubillahi, na ce mata ta rufe mini bakinta. Mu a wurinmu ba a ambaton irin wannan a gidan da mutane ke kwana. Wanda ya kira sunan masifa, shi ake cewa ya gayyato ta. Na kore ta, na mayar da labule. Amma wallahi tun daga ranar na daina juya wa bangon nan baya in zan kwanta.

Daga nan yarinya ta canza. Takalman da take gogewa kullum suka yi ƙura a ƙarƙashin gado. Ta daina zuwa rabin darussanta, tana laɓewa a ajin su Firdausi a kujerar baya. Ta ɗebo littattafai masu zanen ginshiƙai da rodi. In muka fita tare zuwa kasuwa, ba ta kallon hanya, bangwayen mutane take bi da ido, har na fara jin kunyar tafiya da ita. Mai ƙyamar taɓo ta koma tana durƙusawa a bayan gida tana murza ƙasa a tafin hannu.

Gab da azumi ta kawo wani siririn gilashi, ta manna shi a kan tsagar da farin siminti, gefe da gefe. Ta ce in bangon a tsaye yake, gilashin zai zauna lafiya, in kuwa yana motsi zai tsage. Ban so ba, amma na bar shi. Muna cikin goman tsakiya, da rana tsaka ina gyaran wake, na ji wata 'yar ƙara, ƙas, kamar an taka ɓawon gyaɗa. Ban tashi na duba ba, don na riga na sani.

Bayan shan ruwa ta samu ubanta a zaure. Ina daga ƙofar ɗakina ina jin su. Ta durƙusa, ta yi masa bayani tiryan-tiryan, murya ƙasa-ƙasa. Ta roƙe shi ya dakatar da ginin sama, a sauke bulon da aka riga aka ɗora, a kira masani ya duba harsashin.

Jibirilla ya bar ta ta gama, sannan ya ce, "Ke yaushe kika shiga makarantar nan? Ko shekara ba ki rufa ba. Gidan nan kakanki ya gina shi tun ban san kaina ba, a cikinsa aka haife ki. Kuma ni banki na tura ki, ban tura ki kwaɓa siminti ba."

Ta ce, "Baba, na fasa bankin. Zan zauna jarrabawar shiga sashen gine-gine."

Ya dube ta sama da ƙasa. Ƙanena mutum ne mai kirki, ba ya duka, ba ya zagi, amma akwai taurin kai irin na gidanmu, ni ma ina da nawa. Washegari ya kira magininsa, aka ɓamɓare gilashin, aka cika tsagar, aka shafa fenti shuɗi mai kyau. Ginin sama ya ci gaba.

Da ruwa ya fara zama sosai, sai wani bene ya rufta a wata unguwa can cikin gari, da mutane a ciki. Kowa ya gani a waya. Naja'atu ba ta tsaya a waya ba, ta hau mashin ta je wurin. Ta dawo da ƙurar siminti a hijabinta, ta zauna a bakin gadona, ta ƙi cin abinci. Na tambaye ta me ta gani. Ta ce, "Tukunya na gani, Gwaggo, da shinkafa a ciki."

Ba a yi nisa ba sai ga ma'aikatan hukumar gari a ƙofar gidanmu, da wani injiniya mai hular kwano. Ya zaga, ya ƙwanƙwasa ginshiƙai, ya kankare sabon fentin ɗakina, ya daɗe yana kallo. Kafin la'asar sun zana babban gicciye da jan fenti a bangon waje, irin wanda duk ɗan Duwala ya san ma'anarsa, suka ce kowa ya fita. Unguwa ta taru. Jibirilla ya dawo daga Mboppi a guje, yana rantsuwa cewa Bashir maƙwabcinmu ne ya kai ƙara, don sun taɓa rigima a kan magudanar ruwa. Har ya nufi ƙofar Bashir, mutane na rirriƙe shi.

Sai Naja'atu ta fito tsakiyar taron ta ce, "Baba, ba shi ba ne. Ni ce."

Ni da na goya ta, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma ita ta ƙi matsawa daga inda take.

Aka watse. 'Yan haya suka kwashe kayansu suna Allah ya isa. Uwarta Rahma ta tafi da ƙananan yara wurin 'yan'uwanta a wajen Marché Dakar. Ni da Naja'atu muka kama wani ɗan ɗaki a tsallaken titi, daidai gaban gidan. Jibirilla ya daina amsa gaisuwarta.

Gida kuma ya ƙi faɗuwa. Nan ne abin ya fi ciwo. Ruwa ya zuba, ya ƙara zubawa, gidan na nan tsaye da jan gicciyensa, kamar yana mana gwalo. Mata a wurin biki suka fara cewa boko ya haukata 'yar Alhaji, ta tozarta ubanta a banza. Wasu suka ce ai bakinta ne, in ma ya faɗi ita ta kira. Na zagi biyu daga cikinsu, ban yi nadama ba. Amma ni kaina akwai ranar da zan dubi gidan ubana a kulle, in ji zuciyata tana tafasa da yarinyar.

Sai Jibirilla ya yi abin da ba wanda ya zata. Ya kai kuka wurin hukuma, ana jiran a sake dubawa, shi kuwa bai jira ba. Ya ɓalle kwaɗon da aka sa wa gidan, ya shigar da katifarsa da butarsa cikin tsohon ɗakina, ya rantse a gaban masallaci cewa a nan zai yi damina, kowa ya gani ko gidan ubansa na kisa. Liman ya yi masa magana, dattawa suka yi. Ni ma na je ƙofar gidan na ce, "Jibirilla, ni na girme ka, ka fito." Ya ce, "Yaya, ki je ki faɗa wa injiniyarki."

Tun daga nan Naja'atu ta daina barcin kirki. Da, na san a ranta akwai ɗan abin da ke son gaskiyarta ta fito. Yanzu gaskiyarta ba za ta fito ba sai ta kan ubanta. Kullum da safe takan tsaya a tagarmu har ta ga ya buɗe ƙofa ya fito da buta, sannan ta iya haɗiye shayi.

A cikin haka sakamakon jarrabawarta ya fito, ta samu shiga sashen gine-gine. Ba rago, ba guɗa. Ta faɗa mini kamar mai ba da labarin rasuwa. Ranar hadari ya haɗu tun azahar, gari ya yi baƙi ƙirin ta gefen teku. Na ce mata, tsakaninta da Allah, anya ba ta yi kuskure ba? Ga shi gida ya ƙi motsi.

Ta ce, "Gwaggo, lokacin da na kai ƙara tsoro kawai nake ji. Yanzu na karanta, na sani."

Ta tashi ta naɗe katifarta, ta ɗora a ka. Na ce ina za ki? Ta tsallaka titi, na bi ta ina faɗa, ta cikin zaure har tsohon ɗakina. Rabona da shiga gidan tun ranar da aka fitar da mu. Wani wari na danshi ya bugi hancina. Tsagar ta cinye shuɗin fentin, ta buɗe har ana hango hasken waje ta cikinta.

Jibirilla na zaune a kan darduma da carbi. Naja'atu ta yi sallama, ta durƙusa ta gaishe shi, bai amsa ba. Ta warware katifarta ta shimfiɗa a gindin bangon, daidai ƙarƙashin tsagar, ta zauna a kai.

"Me kike yi?" Wannan ce maganar farko da ya yi mata tun ranar jan fenti.

"Na dawo gida, Baba. Ka ce lafiyarsa ƙalau."

"Ɗauke katifar nan daga wurin nan."

"Me ya sa, Baba?"

Na ga idonsa ya tafi kan tsagar ya dawo kan 'yarsa. A nan na gane ƙanena ya sani. Ya daɗe da sani, wataƙila ma ya riga mu duka.

Na ce, "To alhamdulillahi, ku tashi mu tafi."

Naja'atu ta ce ita ba za ta fita ba sai tare da shi. Shi kuma ya dubi ƙofar zaure, inda mutanen unguwa suka fara taruwa suna leƙe, waɗanda ya yi rantsuwa a gabansu. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya miƙe, ya kama hannun 'yarsa ya tashe ta, ya ja katifarta da kansa har bakin ƙofar fita. Ya koma ya ɗauko tasa, ya shimfiɗa a gindin bangon.

Na yi faɗa, na yi kuka, na roƙe su da girman iyayenmu. Ba wanda ya dube ni. Da ruwan ya sauko na tsallaka titi ni kaɗai. Har yau da nake ba ku labarin nan suna ciki su biyu, ita a bakin ƙofa, shi a gindin bango, kuma damina ko rabi ba ta kai ba.